Yadda Ake Gina Labarin Ban Tausayi na Fim ɗin Zane a Kan Soyayya, Neman Yafiya da Mantuwa

Marubucin da ya ƙudurta haɗa soyayya da neman yafiya da ciwon mantuwa a cikin fim ɗin zane mai motsi yakan fara da jera su kamar kayan miya a kan faifai, kowanne a gefensa. Ga masoya biyu, ga wani laifi da ɗayansu ya taɓa aikatawa, ga kuma hatsarin mota da zai shafe tunanin ɗayan a tsakiyar labari. Irin wannan tsari yakan sa masu kallo su ɗan yi jimami, amma da zarar an tashi sai abin ya bi iska, domin babu ɗaya daga cikin ukun da ya dogara da ɗan'uwansa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne cewa dole a ɗaure su da igiya guda: laifin ya haifar da buƙatar yafiya, mantuwar ta toshe hanyar samun yafiyar, soyayyar kuma ta hana mai laifin juyawa ya tafi duk da ya san ƙofar a rufe take. Idan aka cire ɗaya labarin ya ci gaba da tsayuwa a kan ƙafafunsa, to ginin bai yi ba tukuna.

Ka fara da laifin kafin ka taɓa ciwon

Kafin ka zana fuska ko ɗaya, ka rubuta a cikin jimla guda abin da jaruminka ya yi, da wanda ya cutar, da abin da wancan ya rasa. Laifin ya kasance na zaɓi, wanda mutum ya aikata da hankalinsa alhali yana da wata mafita, domin masu kallo ba sa neman fansar kai daga wanda tsautsayi kawai ya afka wa. Kuma ya kasance daidai girman mutum, irin wanda kowa zai iya hango kansa a ciki. Kisan kai da cin amanar ƙasa suna da nauyi, amma sukan nisanta mai kallo daga jarumin, alhali ƙaramin zalunci na cikin gida yakan shiga zuciya ba sallama.

Bari in ƙirƙiro misali guda da za mu yi ta komawa gare shi. Wani magidanci bashi ya yi masa katutu, sai ya sace keken ɗinkin matarsa, wanda mahaifinta ya saya mata a cikin kayan aure, ya sayar, sannan ya ɗora wa ƙanenta satar. Matar ta yanke zumunci da ƙanen nata na shekaru, daga baya gaskiya ta fito mata, ba ta fita daga gidan ba saboda 'ya'ya, amma tun daga ranar ta daina kiran mijin da "Yaya" kamar yadda ta saba tun suna saurayi da budurwa. Shekara ashirin suna zaune a haka, tana dafa masa abinci tana gaishe shi, shi kuma bai taɓa buɗe baki ya ce ta yafe masa ba. Wannan ya isa ya zama tushen labari, kuma ka lura cewa har yanzu babu wanda ya manta da komai.

Wane ne zai manta?

Wannan ita ce shawara mafi girma a cikin aikin gaba ɗaya, kuma a nan ne marubuta da yawa suke kuskure. Idan mai laifin ne ya manta, akwai haɗarin mantuwar ta zama sabulun da zai wanke shi a banza, ya farka sabon mutum mai kirki, masu kallo kuma su rasa dalilin ci gaba da tuhumarsa. Ana iya bin wannan hanya, amma sai an tilasta masa ya gano abin da ya yi daga bakin wasu, ya kuma yarda ya ɗauki nauyin laifin da ba ya jin shi a jikinsa. Hanya ce mai wuya, kuma ba na ba wanda yake aikinsa na farko shawarar ya bi ta.

A ganina ya fi ƙarfi a ce wanda aka zalunta ne ya manta. Mai kallo Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin ya taso da sanin cewa haƙƙin mutum yana nan a wuyan wanda ya ci shi har sai mai haƙƙin ya yafe. To yaya za a yi idan mai haƙƙin yana raye, yana zaune a gabanka yana murmushi, amma ya daina sanin cewa an taɓa cutar da shi? A misalinmu, matar ce ciwon mantuwa zai kama. Shekarun baya-bayan nan su ne za su fara zubewa daga ƙwaƙwalwarta, har wata safiya ta dubi mijin ta ce, "Yaya, ka karya kuwa?" da muryar da ya yi shekara ashirin bai ji ba. Ciwon ya dawo masa da soyayyar da ya zubar, amma ya dawo masa da ita ta hanyar da ba ta halatta gare shi ba, kuma shi kaɗai ya san haka. Daga wannan gaɓa labarin ya sami abin da zai riƙe shi har ƙarshe.

Ka san ciwon da kake rubutawa

Mun sha ganin finafinan da ake buga wa mutum kai ya manta sunansa, sannan a sake buga masa ya tuna komai. Ka guje wa wannan, domin yana raina hankalin mai kallo, yana kuma raina iyalan da suke jinyar irin waɗannan marasa lafiya a zahiri. Mantuwa iri-iri ce, kuma kowane iri yana ba ka labari dabam.

Akwai mai rasa abin da ya wuce, akwai kuma mai kasa ajiye sabon abu. Shahararren misalin na biyun shi ne Henry Molaison na ƙasar Amurka, wanda aka yi wa tiyata a ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya, yana da shekara 27, aka cire masa sassan da ke taimakawa wajen adana sabbin abubuwa, ya rayu har 2008 ba ya iya riƙe abin da ya faru da shi 'yan mintoci da suka wuce. Mai bincike Brenda Milner ta sa shi ya riƙa bin layin zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi kawai, kuma kullum hannun nasa yana ƙara ƙwarewa, alhali shi bai tuna ya taɓa yin aikin ba. A Ingila kuma akwai masanin kiɗa Clive Wearing, wanda ƙwayar cuta ta lalata masa ƙwaƙwalwa a 1985 har tunaninsa ya koma na 'yan daƙiƙoƙi, amma ya ci gaba da iya kaɗa fiyano, kuma duk lokacin da matarsa ta shigo ɗaki sai ya tarbe ta da murnar wanda ya daɗe bai ga masoyiyarsa ba. Darasin da marubuci zai ɗauka a nan babba ne: abin da hannu da ƙafa suka saba, da abin da zuciya ta shaƙu da shi, sukan daɗe bayan sunaye da ranaku sun tafi.

Ciwon da ya dace da misalinmu shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, bayan ya bi lamarin wata mata da aka kwantar a asibitin Frankfurt tana da shekara 51. Mutanenmu sukan haɗa shi da sauran ire-irensa su kira su gigin tsufa, ko da yake ba kowane tsoho yake kamuwa da shi ba. Yana tafiya ne sannu a hankali, ba ya komawa baya, kuma kamar yadda masanin Faransa Théodule Ribot ya lura tun 1881, sabon tunani ne yake fara lalacewa kafin tsohon. Saboda haka matar za ta manta abincin da ta ci ɗazu, sannan ta manta auren 'yarta, sannan ta manta satar keken, amma ta daɗe tana tuna ranar da mahaifinta ya kawo mata shi. Ka zana wa kanka jadawali a takarda, ka rubuta abin da za ta rasa a kowane kashi na fim ɗin, kuma kada ka karya wannan doka don kawai kana son fitowa mai sa kuka. Ana samun ranakun da mara lafiya yake ɗan washewa, wannan gaskiya ne, amma ka yi amfani da irin wannan rana sau ɗaya tak, in ma za ka yi.

Abin da zane yake iyawa

Dole ka tambayi kanka dalilin da ya sa wannan labari zai zama na zane maimakon a ɗauke shi da 'yan wasa. Amsar ita ce a zane kai ne mai iko da kowane layi, don haka kana iya sa duniyar da kanta ta manta tare da mai ciwon. Gajeren fim ɗin Faransa mai suna Mémorable, wanda Bruno Collet ya yi a 2019, ya bi wannan hanya: mai zanen da ke cikinsa yana rasa tunani, kayan gidansa suna narkewa, har matarsa ta koma 'yan ɗigon fenti a idonsa. Kada ka kwaikwayi wannan salo, amma ka fahimci dalilinsa, sannan ka nemo naka daga cikin labarinka. Tun da matarmu tela ce, ana iya zana duk abin da take gani kamar ɗinki, layukan fuskoki su zama zare. Yayin da ciwon yake ci gaba sai zaren ya riƙa warwarewa, bangon ɗaki ya rasa adonsa, fuskokin jikoki su zama ƙyalle marar ɗinki, fuskar mijin kuma ta koma ta saurayi domin ita ce ta rage mata.

Ka tsara launuka tun kafin a fara motsa hotuna. Ka zana ƙaramin hoto guda na kowace fitowa da launinta, ka jera su a bango, ka tsaya daga nesa ka duba. Yawancin masu farawa sukan ba abin da ya wuce launi mai dishi-dishi, su ba yanzu launi mai haske. A irin wannan labari ya fi dacewa a juya abin, domin a wurin mai ciwon, shekarun ƙuruciya ne suke da rai, yau kuma hazo ce.

Sannan ka zaɓi motsi guda na jiki da zai riƙa dawowa. A nan ƙafafun matar ne: ko tana zaune a kan tabarma ko a kujerar asibiti, suna ta taka fedar keken da babu shi. Kada kowa a cikin fim ɗin ya yi bayanin wannan da baki, gani ya kori ji. Mijin zai gani, mai kallo zai ga ya gani, kuma wannan ya wadatar. Irin wannan motsi yana da wani amfani na aljihu ma. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma a zanen hannu an saba yin zane 12 a nuna kowanne sau biyu, wanda ke nufin fim ɗin minti goma zai iya cin zane 7,200 idan komai yana motsi. Motsin da ke maimaita kansa ana zana shi sau ɗaya a riƙa juya shi, fuskar da ta tsaya cik kuma ba ta cin komai, alhali sau da yawa ita ce ta fi taɓa zuciya. Ka adana ƙarfinka da kuɗinka domin fitowa uku ko huɗu da suke buƙatar cikakken motsi.

Fansar kai sai an biya

Nan ne zuciyar aikin take, kuma ina roƙon marubuci ya daɗe a kansa. Nadama kaɗai ba ta isa ba, domin da-na-sani ƙeya ce, kuma kuka a gaban masu kallo abu ne mai araha. Dole mai laifin ya yi wani aiki da zai rasa wani abu na gaske saboda shi, ba tare da tabbacin za a gode masa ba.

Fim ɗin Sifaniya mai suna Arrugas, ma'ana tamoji, wanda Ignacio Ferreras ya shirya a 2011 daga littafin zanen Paco Roca, ya nuna yadda ake yin wannan. Labarin yana faruwa ne a gidan kula da tsofaffi, inda aka kawo Emilio, tsohon manajan banki da ciwon mantuwa ya fara kamawa, aka haɗa shi ɗaki da Miguel, mutumin da ba shi da kowa kuma yake yaudarar sauran tsofaffin yana karɓe musu 'yan kuɗaɗe. A gidan akwai bene na sama inda ake kai waɗanda suka daina iya kula da kansu, kowa kuma yana tsoronsa. Miguel ya yi ta taimaka wa Emilio ya ɓoye taɓarɓarewar tunaninsa, amma ciwon ya yi rinjaye, kuma a ƙarshe Miguel da ƙafarsa ya hau benen da yake gudu domin ya kula da abokin da ya kusa daina gane shi. Abin lura shi ne farashin da ya biya daidai yake da halinsa: mutumin da ya gina rayuwarsa a kan kada ya shaƙu da kowa ya ɗaure kansa da wanda ba zai iya saka masa ba.

Haka za ka auna naka. Abu na farko da mijin zai yi, kuma kowa zai yi tsammaninsa, shi ne ya durƙusa ya gaya wa matar gaskiya ya nemi gafara. Ka bar shi ya yi. Za ta ji labarin kamar yau ne ya faru, ta yi kuka mai tsanani, ta ƙi cin abinci, washegari kuma ta tashi ta kira shi "Yaya" ba ta tuna komai ba. Idan ya sake faɗa mata, ya sake yanka ta ne a wuri guda domin ya sami sauƙin kansa. A nan zai gane cewa neman yafiyar ma ya zama son kai, kuma soyayya ce za ta sa ya rufe bakinsa ya ci gaba da ɗaukar kayan shi kaɗai. Wannan shi ne wurin da abubuwan nan uku suke haɗuwa su zama abu ɗaya, kuma idan ka same shi daidai, sauran fim ɗin zai biyo baya da kansa.

Amma shiru a gabanta ba ya nufin shiru a gaban kowa. Akwai ƙanen da aka ɓata wa suna, yana raye kuma bai manta ba. Dole mijin ya je ya same shi, ya faɗi gaskiya a gaban 'ya'yansa da dangi, ya zubar da girman da ya yi shekara ashirin yana karewa. Kada ka sa ƙanen ya rungume shi nan take. Zai fi gaskiya ya saurara, ya ce, "Na ji, Malam," ya tashi ya shiga gida, sannan bayan kwanaki a gan shi ya zo duba yayarsa ba tare da ya kalli mijin ba.

Waiwaye da murya

Ka taƙaita waiwaye, wato komawa baya a nuna abin da ya riga ya wuce. Sau biyu ko uku ya isa, kuma kowanne ya zo ne saboda wani abu da ake gani ko ake ji ya tayar da shi, kamar ƙarar keke daga shagon maƙwabta. Ranar satar kuwa ka nuna ta sau ɗaya, daga idon mijin, tun da shi ne kaɗai ya rage yana ɗauke da ita. Wajen sanya murya, ka nemi wadda za ta iya yin muryar matar iri biyu, ta shekarun sanyi da ta bayan ciwo, domin bambancin da ke tsakaninsu shi ne rabin labarin. Kiɗa kuma ka rage shi a wuraren da suka fi zafi, ka bar ƙarar tsintsiya ko ta cokali a kwano ta cika wurin.

Kafin a shiga zanen gaske, ka zana labarin duka a ƙananan hotuna marasa ado, ka jera su a kwamfuta da murya ta wucin gadi, ka kalle shi da tsawon lokacinsa. Manhajoji irin su Krita da Blender da OpenToonz kyauta ne kuma sun isa wannan aiki. Ka nuna wa mutum biyar da ba su san labarin ba, kuma ka tabbata a cikinsu akwai wanda ya taɓa jinyar tsoho mai irin wannan ciwo, domin shi ne zai gaya maka inda ka yi ƙarya. Kada ka tambaye su ko sun ji daɗi. Ka tambaye su abin da mijin yake so, da dalilin da ya sa ba zai samu ba, kuma idan suka kasa amsawa ka koma kan takarda.

Yadda za a rufe

Jarabawa mafi girma a ƙarshe ita ce ka dawo wa matar da hankalinta na minti ɗaya domin ta ce ta yafe. Kowa zai yi kuka, amma ka rushe dokar da ka kafa, ka kuma biya mijin ladan da duk fim ɗin ya ginu a kan cewa ba zai samu ba. Mutuwa ma ba dole ba ce, domin a irin wannan labari rashin ya riga ya auku tun mai ciwon tana numfashi. Abin da ake buƙata shi ne aiki na ƙarshe wanda mai kallo ya san cikakkiyar ma'anarsa, ɗaya daga cikin mutanen biyu kuma bai sani ba.

A misalinmu, mijin zai sayar da abin da ya rage masa mai daraja ya sayo tsohon keken ɗinki irin wancan, ya ajiye a gabanta. A wannan lokaci ciwon ya wuce shekarun samartakarsu ma, ta daina kiransa "Yaya", fuskarsa a idonta ta zama ƙyalle marar ɗinki kamar ta kowa. Za ta ɗora ƙafafunta a kan feda, motsin da muka yi ta gani a banza tun farkon fim ya sami abin da zai juya, allura ta fara hawa da sauka. Sai ta ɗago kai ta dube shi da ladabin da ake yi wa baƙo, ta ce, "Bawan Allah, an gode, Allah ya saka da alheri." Ka riƙe hoton a kan fuskarsa na daƙiƙa biyar ko shida ba tare da kiɗa ba, ƙarar keken kaɗai tana tafiya, sannan ka sa shi ya sunkuya ya gyara mata zaren da ya fita daga allura.